Wurin Jingina

A gidanmu ba a hawa kujera. Muna da ita kuwa, doguwa mai cin mutum huɗu, ta fatar saniya, launin ƙasa-ƙasa, wadda mahaifina, Appa, ya saya shekarar da ya dawo garinmu Daegu daga aikin hanya a Libiya. Ƙarti shida ne suka hau da ita bene har hawa na huɗu, maƙwabta suna leƙe. Da aka dire ta a falo, Appa ya zagaya ta sau biyu, ya shafa hannunta, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya jingina bayansa da ita. Mu ma muka bi sahu. Ina da shekara takwas a lokacin.

Bisa kujerar na baƙi ne: malamin makaranta idan ƙanena Gi-tae ya yi ta'asa, mai tallar inshora, daga baya kuma surukai. Idan babu baƙo sai ta zama ta wankin da ba a ninke ba, da jaridu, da barkonon da mahaifiyata, Omma, ke shanyawa lokacin kaka saboda ranar da ke shigowa ta taga. Mu 'yan gida ƙasa muke zama, inda ɗumin bututun ruwan zafin da ke ƙarƙashin daɓe ke tasowa, kowa da wurinsa da ba a taɓa faɗa ba amma ba a taɓa ketawa. Kaka tana wajen taga, sai Appa, sai Omma, sai Gi-tae, ni kuma can ƙarshe wajen ƙofa.

Kullum da safe Omma na goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ta wuce da shi kan kujerar, don a wurinta abin da bai sha ruwa ba bai tsarkaka ba. Bayan an ci abinci kuma sai ta zauna a wurinta, ta buɗe kwalbar man shafawarta mai ƙamshin furen lemo, ta mulke hannuwanta, ragowar ta shafe shi a gaban kujerar ta bayanta, ba tare da ko ta waiga ba. Ba don kujerar take yi ba. Omma dai ba ta iya ganin abu ya tafi a banza.

Ina tuna ranakun sanyi da rana tsaka, dusar ƙanƙara na zuba a waje, talabijin na magana shi kaɗai. Appa na ba da labarin rairayin Libiya da raƙuman da ke tare hanya, muryarsa na ratsa fatar ta iso ƙeyata. Idan barci ya fara ɗaukata sai in ji kamar wata ƙatuwar saniya ce ta kwanta a falonmu, mu biyar mun lafe a cikinta, tana numfashi a hankali. Har yau idan na rufe ido ina iya jin wannan numfashin.

Ina da shekara goma sha tara na tattara na tafi babban birni, Seoul. Ba faɗa aka yi ba. Na dai ɗauka rayuwa tana can ne, inda ake zama a kan kujera a ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ina zuwa gida sau biyu a shekara, da bukukuwa, kuma ko na zo ina tsaye ne a kicin ko ina duba lokacin jirgin ƙasa. Kaka ta rasu. Gi-tae ya yi aure ya koma unguwar da ke ƙetaren kogi. Sai Omma ta bi Kaka shekara uku da suka wuce, gigin tsufa kuma ya fara taɓa Appa a hankali: yau ya sa takalmi a firji, gobe ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Na ajiye aiki na dawo, da akwatuna biyu da tabbacin cewa ni ce mai gyara komai.

Abin da ya fara tsone mini ido ita ce kujerar. Mazauninta ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, soso na leƙowa ta gefe. Gabanta kuma duk baƙin tabo ne a jere. Bikin cikar Appa shekara tamanin na tafe, 'yan uwa za su zo daga Busan da Pohang, na ce ba za a zo a ga wannan abin kunya ba ina raye. Na tura Appa gidan Gi-tae na kwana goma, na kira mai gyaran kujeru.

Maigida Bang ne ya zo, wani gajeren tsoho mai kaurin yatsu, da tef ɗin awo rataye a wuya. Bai ko kalli mazaunin ba sosai. Ya murza shi da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Wa ke yi wa wannan wanka kullum?"

"Mahaifiyata ce. Ta rasu."

"Allah sarki. Mai tsabta ce, ga alama nan. Ruwa da rana, su ne suka cinye shi. Ku mutanen nan kuna ɗaukar fata kamar daɓen siminti." Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya bi gaban kujerar da tafin hannu daga taga zuwa ƙofa, a hankali. Ya daɗe yana yi har na fara ƙosawa. "Ku biyar ne," ya ce. "Ta wajen taga tsohuwa ce mai sa man gashi. Wannan kuma mai kallon wasan ƙwallo ne, yana buga ƙeya idan an ɓarar. Har nan za a cire?"

"Duka," na ce.

"Uwargida, wannan ɓangaren lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni lafiya ma."

"Maigida, datti ne. Duka na ce."

Ya ɗaga kafaɗa. "Mai kaya ya fi mai awo baki."

Ranar bikin aka dawo da ita, fara sol launin madara, tana ƙyalli, tana ƙamshin sabuwar mota. Ni kaina sai da na zagaya ta sau biyu. Na dafa miyar ciyawar teku, na jera tuffa da wainar shinkafa a teburi. Gi-tae ya shigo da Appa riƙe da hannu.

Appa ya cire takalmi, ya jera su suna kallon ƙofa. Ya dubi falon, ya dubi kujerar, ya dube ni. Sai ya rusuna mini, rusunawa ta ladabi, ya je ya hau kujerar ya zauna a bakinta, bayansa a miƙe, hularsa a kan gwiwa.

"Kun ga, ya so ta!" in ji matar Gi-tae, tana tafi. Aka yi dariya, aka ɗauki hotuna. Ni ma na yi dariya, don rashin sani ya fi dare duhu.

Da baƙi suka watse, ya miƙe ya ce, "Uwargida, an gode da karamci. Abinci ya yi daɗi ƙwarai. Bari in kama hanya, matata na jira."

"Appa, ai gida kake."

Ya yi murmushi irin na baƙon da ba ya son ya ƙaryata masu gida, ya koma ya zauna a bakin kujerar.

Haka muka yi mako biyu. Ba ya cire rigar waje. Idan na kawo abinci sai ya ci loma uku ya ajiye, wai kada ya cinye wa masu gida. Ba ya shiga bayan gida sai ya nemi izini. Wuninsa a bakin kujerar nan yake, yana kallon ƙofa, wandonsa na ƙara yi masa yawa. Sau biyu ya fice ina kicin. Na farko mai sayar da awara ce ta dawo da shi. Na biyu sai da muka yi awa huɗu muna nema, aka same shi a tashar bas ta kasuwa yana tambayar mutane motar da ke zuwa gidansu, yana faɗa musu adireshin da ya baro da ƙafarsa.

A ranar Gi-tae ya tsaya a kicin ya ƙi zama. Nuna yake kirana, wato Yaya.

"Nuna, na yi magana da gidan kula da tsofaffin nan na bayan dutse. Akwai gado ranar Litinin."

"Kai ka haife shi da za ka ba da shi?"

"Ke kika haife shi da za ki bari mota ta take shi? Kin zo jiya-jiya da takalminki na Seoul kina ba mu umarni. Shekara nawa ina kai shi asibiti kina aiko da kwandon 'ya'yan itace?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na tsani hakan.

"Idan ya natsu kafin Litinin, shi ke nan," ya ce, muryarsa ta sauka. "Idan bai natsu ba, Nuna, a can aƙalla akwai ƙofa mai makulli. Mutumin da ke ganin kansa baƙo a nan, ina bambancin?"

Sai ya tafi. Na zube a ƙasa a falo, na jingina da kujerar, abin da rabona da yi har na manta. Sanyi na ji a ƙeyata, da santsi, har kaina ya zame. Babu ƙamshin furen lemo, babu komai. Appa na zaune a sama kusa da kafaɗata, sai na ga hannunsa ya sauka a hankali ya laluba gaban kujerar, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ya sani. Ya taɓa, ya janye hannun da sauri, ya mayar kan hularsa. Nan na gane abin da na yi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Washegari Juma'a ruwan damina ya sauko. Na bar Appa da matar Gi-tae na nufi layin masu kayan ɗaki. Shagon Maigida Bang na can ƙurya, dogo ne mai duhu, fatu na rataye daga rufi jere-jere, ja da baƙi da ruwan zuma, suna motsi kaɗan duk lokacin da iska ta shigo. Ƙamshin wurin mai nauyi ne, ruwa na dukan kwano, sai na ji kamar ina tafiya a tsakiyar garke mai barci. Na same shi a ƙarshen shagon yana cin taliya a tsaye.

"A'a, uwargidan Duka ce," ya ce. "Farar ta yi datti ne tun yanzu? Na faɗa miki ba ta son jar miyar kimci mai barkono."

"Maigida, tsohuwar fatar. Ina take?"

"Mazaunin? Yana bola tun ranar. Ko akuya ba za ta ci shi ba."

"Gaban."

Ya ajiye sandunan cin abincinsa. Ban yi niyyar kuka a gaban mai gyaran kujera ba, amma na ba shi labarin hular da loma ukun da ranar Litinin, hancina na zuba kamar na ƙaramar yarinya. Ya jawo tsani, ya hau, ya sauko da wani abu naɗe cikin tsohon zanen gado, ya warware shi a kan teburin yanka.

Ga ta nan, doguwa, mai laushi kamar kunnen ɗan maraƙi, da tabonta a jere.

"Shekara hamsin ina wannan aiki," ya ce, "ban taɓa jefar da irin wannan ba. Majemi yana iya jeme fata cikin wata guda, amma wannan laushin ba ya sayuwa. Kin san fata ba ta san ta mutu ba? Abin da take so a jikin saniya shi take so a falo: ɗan maiƙo, da inuwa, da a riƙa taɓa ta. Saman da kuka girmama kuka hana kowa, ya mutu da ƙishi. Nan da kuka raina kuna goga masa kai da gumi, shi ne ya rayu. Wani ma yana ba shi mai kullum, ban san ko wane ne ba."

"Omma ce," na ce.

Na bi fatar da yatsa. Kaka, baƙi ƙirin da man gashinta. Appa, da ɗan lotsawa. Omma, inda ya fi ko'ina sheƙi. Gi-tae. Daga nan sai yatsana ya faɗa kan katakon teburi. An yanke ƙarshen da almakashi, kamar tsawon kamu biyu.

Maigida Bang ya sosa ƙeya. "To, nan fa akwai magana. Wanzamin layin nan ya kawo kujerarsa makon jiya, wurin ɗora kai ya yage. Ina buƙatar tsohuwar fata mai kyau wadda ba ta da tabo sosai. Duk tsawon nan, ƙarshen ne kawai ya kusa zama sabo. Na ce wannan ko wane ne bai daɗe ba, ba zai yi kewar wurin ba." Ya dube ni, ya dubi fatar, ya sake dubana. "Af. Ke ce."

"Ni ce."

"Yanzu kuwa rabin mazan unguwar nan sun ɗora ƙeya a kanki. In je in ɓalle?"

Dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye. "Bar wa wanzami. Ka cike da sabuwa."

"Za a ga bambanci fa. Kamar haƙorin roba a bakin tsoho."

"A gani."

Ranar Lahadi da hantsi ya zo da kayan aikinsa, Gi-tae kuma ya fita da Appa yawo a mota. Ya kifar da kujerar, ya ɓalle farin gaban, ya ja tsohuwar fatar ya kafe ta, yana riƙe da ƙananan ƙusoshi a leɓe yana magana ta gefen baki. Busasshen tsumma kawai, in ji shi, sau ɗaya a mako. Mai sau biyu a shekara, kamar ƙwayar wake, a murza da tafin hannu har ya ɓace. Labule a ja shi idan rana ta juyo. Barkono kuma a nema masa wani wurin. A ƙarshen wajen ƙofa ya ɗinka sabon yanki, launin ya kusa amma bai kai ba, da tauri kamar kwali.

"Wannan kuma fa?" na tambaya. "Wane mai zan sa ya yi laushi?"

"Babu. Kai ake sawa." Ya naɗe awonsa. "Shekara ashirin, in ana zama kullum."

Kujerar ta fito wata iri, sama fari ƙasa baƙi, abin da da a ce wata uku baya na gan shi a gidan wani sai na yi gulma. Na buɗe durowar Omma na sami kwalbar manta, saura kaɗan a gindi. Na shafa a hannuna, na goge ragowar a wurinta.

Da la'asar suka dawo, ruwa na sauka siriri, hasken falon ya yi launin shayin sha'ir. Appa ya cire takalmi ya jera su suna kallon ƙofa. Ya rusuna mini. Ya nufi kujerar da hularsa a hannu, ya juya zai zauna a bakinta, sai ƙaurinsa ya gogi gaban. Ya tsaya. Ni da Gi-tae muna bakin kicin, ba wanda ya yi motsi.

Hannunsa ya sauka ya laluba. Wannan karon bai janye ba. Ya daɗe yana shafawa, idonsa a lumshe, hancinsa na buɗewa kaɗan-kaɗan. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya sulale ƙasa a hankali, ƙeyarsa ta faɗa cikin lotsawar nan daidai. Ya saki wani dogon numfashi. Ya wurga hular kan kujera, kan wankin da ban ninke ba, ya miƙe ƙafafu, ya tuɓe safa da yatsun ƙafa.

"Gi-tae," ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "kai ɗan banza, ina abin canza tasha? Kuma a gidan nan ba a cin abinci ne?"

Gi-tae ya juya ya shige kicin da sauri, na ji ya buɗe famfo da ƙarfi ya bar shi yana zuba. Babu wanda ya sake ambaton Litinin.

Na kawo shinkafa da miya a ƙaramin teburi na ajiye a gabansa. Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Da ya ƙoshi sai ya lura da ni a tsaye da faranti.

"Uwargida, kina tsaye? Hau kujera mana, ke baƙuwa ce."

"Na fi son ƙasa," na ce.

"To, to. Bari mu gani." Ya miƙa hannu yana bin gaban kujerar. "Nan na tsohuwata ne, ba ta son a taɓa mata. Nan na uwar yara ne, ta je kasuwa, yanzu za ki gan ta. Nan na wancan mai ɓarnar ruwan ne." Ya ja jiki ya miƙa har ƙarshe, yatsunsa suka hau kan sabon yankin. Ya murza shi, ya girgiza kai yana 'yar dariya. "Nan na 'yata ne, Suk-hyang. Taɓa ki ji. Kamar yau aka sayo. Yarinyar nan ba ta da zama, kullum tana hanya. Kai gare ta, duk ta fi su, amma ba ta da zama."

Na so in ce Appa ni ce, ga ni, amma na ga yadda fuskarsa ta kwanta, na haɗiye.

"Zauna nan," ya ce, yana bubbuga wurin. "Ba za ta ji haushi ba. Ki ɗumama mata shi kafin ta dawo."

Na ajiye farantin. Na zauna a ƙarshe wajen ƙofa, na jingina kaina da fatar, mai tauri, mai sanyi, ɗinkin na cizon ƙeyata. Appa ya fara labarin raƙuman Libiya, muryarsa na ratsa kujerar tana isowa. Ban motsa ba har wurin ya fara ɗumi.